Tsamin da Kaka Ta Raba Biyu

Akwai wata 'yar tukunya a ƙuryar ɗakina, baƙa ƙirin, bakinta a ɓantare, jikokina duk sun san ba a wasa kusa da ita. Tsami ne a ciki, wato ragowar ƙullu da ake bari ya kwana ya yi kumfa, gobe a ɗiba a zuba cikin sabon ƙullu don ya tashi. Kowace mace ta san shi. Sai dai nawa ya girme ni, daga hannun Kaka ya fito, uwar babana. Kuma shekaru da yawa abin da ke cikin tukunyar nan bai cika ba, don ɗaya ɓangaren ya bi yayata Hajo kudu, ni kuwa ina nan ina jiran ta dawo da shi.

Nan Dakoro aka haife ni, lokacin garin bai wuce 'yan gidaje da rijiya ba, sai ayarin Buzaye da ke sauka su shayar da raƙuma su wuce. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, can na tashi. Da an yi magariba sai ta hura wuta a ƙofar ɗakinta da kara da busasshen kashin shanu, mu kewaye ta, ni da Yaya Hajo da 'ya'yan maƙwabta. Amma ko za mu mutu da roƙo ba ta fara tatsuniya sai ta ciyar da tukunya. Ta kwashe ludayi guda ta ajiye gefe, wannan na masar gobe ne, ko na duk maƙwabciyar da nata ya mutu. Ta zuba garin hatsi cikin tafin hannu, ta ɗiga ruwa, ta juya da yatsa. Sannan ta rufe da faifai, ta soke ɗan busasshen ɓawon lemo a cikin faifan. Wurin fatake masu zuwa daga Kano take roƙon ɓawon nan, su ci lemonsu a hanya su adana mata shi, suna yi mata dariya. Ta ce yana hana tsami wari. Duk garin ba mai yin haka sai ita.

In ta gama sai ta goge yatsa a zane ta ce, "Ga ta can tafe, ku matsa mata."

Mu ce, "Ta zo ta zauna, Kaka."

Tana da tatsuniyoyi kamar ƙasa, amma ɗaya ce ta zauna mini. Wai wata mata ce da ɗiyarta da tukunya mai magana. Kullum da maraice tukunya sai ta ce, "Baiwar Allah, ni ma baki gare ni." Matar ta zuba mata gari, da safe ƙullu ya tashi, su ci su ba unguwa. Ana nan sai sama ta ƙi ruwa. Rumbu ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya rage gari cikin tafin hannu ɗaya tak. Ɗiya ta ce, "Inna, yunwa." Tukunya ta ce, "Ni ma baki gare ni." Kaka takan toshe hanci in za ta yi muryar tukunya, mu yi ta faɗuwa don dariya. Sai matar ta rufe ido ta zuba wa tukunya, ta goya ɗiyar tana rarrashi har barci ya ɗauke ta. Gari na wayewa ƙullu ya cika tukunya, ya malalo har ƙofar ɗaki, mutanen gari suka yi ta zuwa da ƙorai. Nan mukan tafa.

Yaya Hajo ce kaɗai ba ta tafawa. Takan ce, "To in da ɗiyar ta mutu kafin safiya fa?"

Kaka ta ce, "Ke dai Hajo, ko kaza ba ta kai ki tone-tone ba. Ba ta mutu ba, ni na gan ta."

Ashe tatsuniya na iya biyo mutum har gida. Wata damina aka yi shuka, hatsi ya kai gwiwa, ruwa ya ɗauke. Ta bayanta ma haka. Muka koma cin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Mata suka shiga tonon gidajen tururuwa suna kwashe 'yar tsabar da suka tara. Tsamin kowa a garin ya mutu, don wa ke da garin ba tukunya? Ɗan hatsin da ya rage mana Baba ke aunawa da kansa, kowa da nasa rabo. Kaka kuwa daga cikin nata take ɗiba wa tukunya, ba ta ma ɓoyewa.

Wata rana Baba ya zo ya tsuguna bakin wuta, bai ko kore mu ba. Ya ce, "Inna, don Allah ki dubi wuyanki. Tukunya na ƙiba, ke kina ƙarewa."

Ta ce, "Rabona ne ko naka?"

"Naki ne, amma..."

"To ka bar ni in ci da wanda na ga dama. Kai ma da ka zo duniya ba abin da ka iya sai buɗe baki, ban jefar da kai ba."

Baba ya tashi yana karkaɗe riga. Mun so mu yi dariya, amma muka ga idonsa ya kawo ruwa, sai kowa ya sunkuyar da kai. Tun daga ranar in Kaka ta toshe hanci ta ce "ni ma baki gare ni", ba mai dariya. Yara ma suka riƙa raguwa a bakin wutar, yau a ce gidan su wane sun tashi, gobe a ce ƙanen wance ya rasu.

Ana cikin haka Kawu, wan Iya mahaifiyarmu, ya zo daga ƙauyen Mai Yara da jakinsa. Ya ce shi kudu za shi, wajen gulbin Maradi, an ce can ana samun abin sa wa a baka, kuma ba zai bar ƙanwarsa nan ba. Aka yi ta magana ƙasa-ƙasa. Kaka ba ta iya doguwar tafiya, Baba ba ya barin uwarsa. Aka tsaya a kan Iya da Yaya Hajo su bi Kawu, ni in zauna, tunda 'yar ɗakin Kaka ce.

Ana gobe za su tashi, da la'asar, Kaka ta sa hannu ƙarƙashin gadonta ta jawo wata 'yar jakar fata. Alkama ce, ta Abzin, tun wucewar wani ayari ta ɓoye ta. Iya ta riƙe baki. Kaka ta ce, "Rufe bakin ki kama dutse." Iya da Hajo suka niƙa. Ita kuma ta buɗe tukunya ta raba tsamin biyu, ɓangare ɗaya ta ɗura a 'yar gora ta toshe da tsumma, ta soke ɓawon lemo a jikin tsumman. Abin da ya maƙale a ludayi da gefen ƙwarya ta kankare shi tas, da shi ta kwaɓa alkamar, ta rufe ta ajiye kusa da murhu.

Bayan magariba ƙullu ya kumbura. Ta shimfiɗa shi a bayan ƙwarya, ta shafa ɗan man shanun da ta lakato a gindin tandu. Ta daka busasshen dabino da ɓawon lemo ta barbaɗa, ta naɗe kamar tabarma, ta yayyanka. Kowane yanka a murɗe yake kamar gammo, shi ya sa muke ce musu 'yan gammo. Da, sai da salla take yin su. Ta jera a kasko, ta kifa wani kaskon a kai, ta tula garwashi sama da ƙasa.

Wayyo, ƙanshin nan! Ni ban taɓa sanin ƙanshi na sa ciki ciwo ba sai ranar. Ya ratsa danga ya shiga gari. Kafin a sauke, 'yan yaran da suka rage a unguwa sun yi tsaye a bakin danga. Kaka ta dube su, ta dubi kasko, ta shiga gutsuttsurawa. Abin da ya iso hannuna bai fi babban yatsa ba, bayansa ja, cikinsa laushi, ga zaƙin dabino, ga ɗan ɗacin lemo, ga tsamin can ƙasa. Na ajiye shi a kan harshe na ƙi taunawa. Yaya Hajo ta ƙulle nata a bakin zane.

Sai Kaka ta ce, "Ga ta can tafe." Muka amsa, murya ba ƙarfi. Ta ja tatsuniyar tukunya yadda ta saba har ta kai kan garin ƙarshe, sai ta tsaya tana tona wuta da kara.

Hajo ta ce, "Sai mi, Kaka?"

"Sai ta dama ta ba ɗiyar."

Na ce, "A'a Kaka, ba haka take ba! Tukunyar fa?"

"Ta yi ta kira har muryarta ta dushe. Matar ta toshe kunne. Kuma ba wanda ya ga laifinta." Ta juya wajen Hajo ta nuna gorar. "Kin ji ko? In hanya ta yi tsanani, ki ci garinki, ki jefar da wagga gora. Gora ce kawai."

Hajo ta ce, "To ke mi ya hana ki yin haka?"

Kaka ta ce, "Ni na tsufa. Tatsuniya ta yara ce. Na ajiye ta nan, kowa ya tashi."

Da safe, Kawu na ɗaure kaya, Hajo ta ja ni bayan rumbu. Ta ce, "Dije, bar kukan nan, hancinki duk ya zama abin ƙyama. Ki riƙe naki, in riƙe nawa. Ran da na dawo mu haɗa su." Na ce to. Na bi su da ido har jakin ya shige cikin dajin geza, gorar na lilo a ƙugunta.

Kaka ba ta ga ruwan farkon damina ba. Ta kwanta kamar mai hutawa, 'yan kwanaki, shi ke nan. Na ɗauki tukunyar na ci gaba da ba ta. Baba bai sake maganar tukunya ba, sai dai wani lokaci in tarar da ɗan gari a kan faifai, ban ga wanda ya ajiye ba. Daga baya wani matafiyi ya kawo mana labarin rasuwar Iya a hanya. Na Kawu da Hajo kuwa ba wanda ya sani. Ayari bai taɓa sauka daga kudu ban je na tambaya ba, har aka san ni da haka. Na yi aure, na haifa, na aurar. Duk inda na koma tukunya na gaba.

Sai da furfura ta cika mini kai, ɗan maƙwabcinmu, wani falke, ya auro yarinya daga wani ƙauye a bakin gulbin Maradi. Na shiga yi mata sannu da zuwa. Ina zama idona ya faɗa kan wata tukunya a ƙurya, an rufe da faifai, ga ɓawon lemo a soke. Na nuna ta da yatsa.

Na ce, "Ɗiyata, wa ya koya miki wanga?"

Ta rufe fuska da mayafi tana murmushi. "Ai haka duk matan garinmu ke yi, Iya."

"Wa ya fara?"

"Innata ta ce wata yarinya ce 'yar arewa, shekarar yunwa. Wai ta iso ita kaɗai, ƙashi da fata, rungume da gora. In an ba ta gari ta dama, sai ta raba da gorar. Lokacin tsamin kowa ya mutu, daga nata aka tayar."

"Mi sunanta?"

"Mai Gora kawai na ji ana cewa."

"Tana nan?"

Yarinyar ta dube ni, murmushin ya tafi. Ta ce, "Wai ba ta daɗe ba, Iya. Jikin ya riga ya ƙare. Kin san ta ne?"

Na ce ta sam mini ludayi guda. Na kawo gida a 'yar ƙwarya, ina tafe ina kare shi da zane kamar mai ɗauke da wuta. Na buɗe tukunyata na zuba, na juya da yatsa. Da safe ya tashi ya ture faifai ya malalo ƙasa, kamar dai yadda Kaka ke faɗi. Na zauna ina kallonsa. Ban tafa ba.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan tana cewa ne wanda ya ba da na hannunsa zai wayi gari da ƙari. To ga ƙarin nan, gari guda na cin masa da tsamin Hajo, ita tana ƙasa. Kaka ta sauya ƙarshen labari don ta cece ta, ta faɗa mata baki da baki ta jefar da gorar. Amma Hajo ta daɗe tana zaune bakin wutar nan, ta ga abin da hannun Kaka ke yi kowace maraice, kuma shi ta bi. Har yau in na tuna sai in rasa wa zan ba gaskiya, in rasa wa zan yi wa fushi.

Yanzu ni ke hura wuta da magariba, jikoki su kewaye ni. In na kai kan garin ƙarshe, kullum ɗiyar nake ba. Sai dai kafin in fara, tukunya nake fara ciyarwa, suna zaune suna kallo, na kasa bari. Jiya na shiga ɗaki na tarar da 'yar autarsu tsugune a ƙurya, ta gutsuro lomar tuwonta ta ajiye a kan faifai. Na ce mi ke nan? Ta ce, "Ita ma baki gare ta, Kaka."

Na ɗauke lomar na sa mata a baki, na tsaya a kanta sai da ta haɗiye.