Injiniyan Mahauta

A shagon intanet kusa da mayankar Agege, Sabiru yana kallon wani baƙo. Ga ƙaton agogo, ga yatsu sharkaf da man tsire yana dangwala wa kwamfuta, yana sakace da gefen katin waya. Da gani irin masu kos ɗin kwamfuta na wata uku a Ikeja ne, a dawo ana injiniya.

Wani mahauci na tsaye a kan baƙon. Manhajar da baƙon ya haɗa masa ta aika ragon sunan jikar Hajiya Batulu gidan wani a Idi-Araba, ga suna gobe.

"Baba, kolbak ne," in ji baƙon, baki cike. "Shi ke faɗin inda za a kai kaya. Na sa shi statik, guda ɗaya na kowa."

Ko Sabiru da ya gudu daga ajin kwamfuta ya gane. Butar masallaci ce, wanda ya riƙa ƙarshe shi ke da ita. Duk wanda ya yi oda a ƙarshe, gidansa za a kai kayan kowa.

"To me zan ce wa Hajiya?" in ji mahaucin.

Baƙon ya lashe yatsa. "A kwamfutata dai ragon ya isa lafiya."