Dattijo Mai Koyon Abuwelo

A jirgin ƙasa na metro mai zuwa unguwar Ulaisha, Lado direba, wanda yau shi ma fasinja ne, yana satar kallon wani dattijo Bahaushe. Gemunsa ya sha lalle, gilashinsa ya zamo kan hanci, yana bin wata takarda da yatsa kamar mai tilawa.

"Abuwelo," yake ta maimaitawa.

Wani Basudane a gefensa ya ce ai "Abu" na Larabci aka sace.

Dattijon ya ɗaga yatsa. "La, ya shaikh. Daga Latin take, avus. Madre ma, wato uwa, daga mater. Na bincika."

Lado ya ce a ransa, wannan tsohon malamin makaranta ne wanda ritaya ba ta hana shi gyara ba. Ya matsa ya gaishe shi. Ashe ɗan dattijon ne ya auri 'yar Sifaniya, jikar ta fara magana, ranar Juma'a za su iso, shi ya sa yake koyon abuwelo, sunan da jika ke kiran mahaifin ubansa a yarensu.

"To Baba, ba sai ta ce maka Kaka ba?"

Dattijon ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Ta ce, ɗana, a waya, gaban dangin uwarta. Har hawaye suka yi don dariya. A yarensu, abin da yaro ke yi a fo ke nan."