Mudi Mai Turke da Karensa Ƙyalesu

A Nguru idan ka ce Mudi kawai, sai an tambaye ka wanne. Idan ka ce Mudi Mai Turke, ko ɗan acaɓa ba ya neman ƙarin kwatance. Gajere ne, yana ɗan jan ƙafar hagu tun da wani sa ya take shi yana saurayi, bakinsa kuwa ya fi ƙafar sauri nesa ba kusa ba. Sana'arsa ɗaya tun tasowarsa: ya sayo rago ƙashi da rai, ya ɗaure a turke a garkensa na bayan gari, ya yi ta ɗura masa dusa da harawa da ɗan kanwa, kafin Babbar Sallah ragon nan sai an taya shi tashi. Har cewa ake, da za a ba Mudi sauro ya turke, sai ya yi kitse.

To wannan mutumin ne yake da karen da ya fi kowane kare rama a ƙasar Yobe.

Wani tsohon Buzu mai raƙuma ne ya ba shi, yana kwikwiyo, a wajen Yusufari, tukuicin jinyar wata taguwa da Mudi ya taya shi. Kwikwiyon ya yi ta miƙewa kamar gamba a damina, har bayansa ya kai ƙirjin Mudi. Na san za a ce kai wa ƙirjin Mudi ba abin alfahari ba ne, amma ko gefen dogon mutum ya tsaya, ɗan maraƙi za ka ɗauka. Ja ne irin jan yashi, ƙafafu zaƙo-zaƙo, ƙirji mai zurfi kamar kwalekwale, ciki ya shafe ya manne da baya, haƙarƙari kuwa ko daga tsallaken titi kana hango su. Da surutu ya yi yawa, Mudi ya raɗa masa suna Ƙyalesu, don ya riƙa kiransa da ƙarfi duk lokacin da ya wuce majalisa.

Mudi ya san karensa fiye da yadda ya san surukansa. Ya san ba ya shinshina ƙasa kamar karnukan bola, da ido yake farauta: yana zaune shiru kamar mai jiran ɗaurin aure, da zomo ya motsa a can ƙarshen jigawa sai ka nemi kare ka rasa. Shi ya sa ba ya sakinsa cikin gari, inda kowane ɗan akuya ke gudu. Ya san fatarsa ba kauri, ƙasa mai tauri tana yi masa kanta a gwiwa, don haka ya ɗauke tsohuwar katifar ɗakin baƙi ya kai masa garke. Matarsa Rahama ta ce, "Malam, to baƙon fa?" Ya ce baƙo yana da naman da zai kwanta a kai. Abinci kaɗan-kaɗan yake ba shi, safe da bayan magariba, kuma ba ya taɓa barinsa ya yi gudu da cikakken ciki. Buzun ne ya ja masa kunne a kan wannan, ya kuma ce, "Ranar da ka daina ganin haƙarƙarinsa, ka kashe shi kenan."

Wanda abin ya tsaya wa a maƙogwaro shi ne yayansa, Alhaji Musbahu, ɗan kasuwar hatsi, wanda mafi yawan ragunan garken nasa ne. Ba zancen addini ba ne, don malamin unguwa ya riga ya ce karen gadi da farauta ba laifi, tunda a garke yake kwana. Zancen suna ne. Wani dillali daga Kano ya zo duba raguna gab da Sallah, ya ga Ƙyalesu, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce, "Alhaji, wannan ne samfurin kiwon naku?"

Da dillalin ya tafi, Alhaji ya ce, "Mudi, gidanmu tun daga Haɗeja ba a san mu da dabba mai rama ba. Ko ka cika shi, ko ka rabu da shi."

"Yaya, a cike yake."

"Da me? Iska?"

"Kai ma da a cike ake gudu, da ka riga kowa zuwa masallaci."

Alhaji ya shafa tumbinsa, ya shiga mota ya tafi. Amma wanda ya san Alhaji ya san ba haƙura ya yi ba.

Ranar da Mudi ya tafi ƙauye sayen harawa, Alhaji ya zo garke da kansa, da babbar riga da komai. Ya haɗa abin da duk ɗan gidan kiwo zai haɗa don tausayi: daro guda na dusa, da ragowar tuwo, da kitse daga mahauta, ya barbaɗa kanwa don ta buɗe ciki. Ƙyalesu bai taɓa ganin irin wannan arziki ba, ya share daron tas, ya bi da ruwa. Alhaji ya tafi yana jin ya gyara sunan gidansu.

Mudi ya dawo da la'asar, bai san an yi ba. Ya kwance karen kamar kullum, suka fita jigawa. Zomo ya tashi, Ƙyalesu ya bi shi. Da ya dawo sai ya tsaya ƙafafu a warwatse, kai a sunkuye, yana kakarin amai ba abin da ke fita sai yawu. Mudi ya taɓa cikin da kullum yake a shafe, ya ji shi tam kamar ganga. A kafaɗa ya ɗauko shi, ƙafafun karen suna jan ƙasa. A bakin garke ya haɗu da Rahama, ta zo ɗaukar daronta, ita ta gaya masa wanda ya ara da abin da aka zuba.

Likitan dabbobin da ya saba da shi ya yi tafiya. Wadda aka ce ta iya aikin karnuka, Dakta Bushra, tana Gashuwa. Mudi bai tsaya neman motar haya ba. Ya nufi ƙofar shagon Alhaji, ya buɗe bayan motarsa mai fararen kujeru, ya shimfiɗe karen a ciki.

"Mudi, kanka ɗaya? Kare a motata?"

"Kai ka ciyar, Yaya, kai za ka kai. Tashi mota."

"Ka san wanki nawa kujerar nan za ta sha?"

"Zan kawo maka ƙasar wankin daga Yusufari, mai laushi. Tashi mota."

Mutane sun fara taruwa, Alhaji kuma ya ga idon ƙaninsa. Ya tashi mota. Tun daga Nguru har Gashuwa kan Ƙyalesu yana cinyar Mudi, wutsiyarsa tana ɗaya ƙofar, Alhaji yana tuƙi yana salati duk lokacin da karen ya yi nishi.

Dakta Bushra ta zura masa roba ta baki, iska da dusa suka fito da warin da ya kori Alhaji waje. Ta ce, "Baba, kun yi sa'a, tumbin bai murɗe ba. Masu zurfin ƙirji irinsa, in suka cika ciki suka yi gudu, tumbin juyawa yake, kafin a kai ga wuƙar tiyata sun tafi." Alhaji ya leƙo ta taga, hanci a toshe, ya ce, "Likita, ba wata allurar da za ta ɗan rufe masa haƙarƙarin nan?" Ta ce haka Allah ya yi shi. Alhaji ya ce likitocin yanzu ba sa son aiki.

Kada ka ɗauka Alhaji ya sauko. Da karen ya miƙe, ya sake zuwa garke, ya tsaya nesa da katifar.

"Na kai shi asibiti, na fita haƙƙinsa. Amma maganata tana nan. Ko shi, ko ragunana."

Mudi ya dubi ragunan. Shi ya raine su, ya san wanda ke son a sosa masa gindin ƙaho, kuma da kasonsa a cikinsu yake shirin rufin ɗakin Rahama. Ya bi su turke-turke yana kwancewa, ya haɗa igiyoyin ya danƙa wa yayansa a hannu.

"Na tsakiyan nan ba ya cin harawa mai laima, Yaya. A kula."

Alhaji ya tsaya da igiyoyi yana jiran a ba shi haƙuri. Ba a ba shi ba. Ragunan suka ja shi waje, babbar riga tana kaɗawa.

Ranar Talata, kasuwar Nguru ta cika, Mudi ya shigo kara, wajen cinikin dabbobi, da raguna biyu kacal, nasa na kansa, a hannun dama, Ƙyalesu a hagu, an goge shi da tsumma yana sheƙi, haƙarƙari a waje kowa ya gani. Dillalin Kano yana nan. Ya tattaɓa bayan ragunan, yatsunsa suka nutse, ya dubi karen ya ce, "Malam Mudi, wannan fa har yanzu bai samu albarkar hannunka ba?"

"Wannan ba na layya ba ne," in ji Mudi. "Taya rago, ko ka matsa, kana tare masa hango."