Sandar bilyardon da na ce wataƙila ta karkace

A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, na koma garinmu Mai Wurno ina jiran aiki. Samarin nadinmu, wato kulob ɗin da muke taruwa, suna kirana ustaz, ko gardamar me ta tashi sai a ce a tambaye ni. Ni kuwa ina tsoron kuskure, amma na fi tsoron a ji na ce ban sani ba.

Sandunan teburin bilyardonmu, wasan da ake buga ƙwallaye da sanda a kan tebur, sun karye, sababbi kuma sun daina zuwa daga Hartum. Ni na ba da shawarar a kai aikin wurin kafintan unguwarmu, aminin mahaifina, wanda nake kira Baba. Ya sassaƙa mana ɗaya da itacen bagaruwa, mai nauyi, mai kaurin baki. Da aka fara wasa, duk wanda ya bugi farar ƙwallo ta gefen dama sai ta kauce hagu, ya rasa bugunsa. Suka miƙo mini sandar, wai in yanke hukunci. Na mirgina ta a kan tebur, na ga ta tafi sumul. Amma ban san dalilin kaucewar ba, sai na ce wataƙila akwai ɗan karkata a ciki, ko da yake ban tabbatar ba.

Babu wanda ya riƙe ƙarshen maganar. Kafin mako aka fara tsokanar Baba a kasuwa, wai wanda ya kasa miƙe sanda ina zai miƙe ƙofa. Wani ango ya janye aikin gadonsa. Baba ya daina zama a ƙofar gidanmu bayan la'asar.

Sai bayan watanni na karanta cewa haka kowace sanda take: in an bugi ƙwallo a gefe takan ture ta ɗaya gefen, kuma gwargwadon nauyin bakin sanda, gwargwadon kaucewar. Na bayyana a nadi, aka yi dariya, aka ce ustaz ya sauya fatawa. Na je wurin Baba. Ya saurare ni bai ajiye aikin hannunsa ba, sannan ya ce shi ya san sandarsa a miƙe take, abin da bai sani ba shi ne ɗan amininsa zai gani ya kasa faɗa.

Muna gaisawa har yau, amma iyakarta ke nan. Ina roƙon masu karatu, musamman waɗanda ake ganin sun yi ilimi: in ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Shakkar da na furta don in kare kaina, a kan wani ta faɗa.