An Riƙe Clem Sugden

Duk wanda ya ce maka 'yan ƙwallon zamanin da sun ji daɗi, ka turo shi garinmu Skelbeck ya tambayi labarin Clem Sugden. Wallahi har yau in aka tayar da zancen sai raina ya ɓaci.

Clem ya dawo daga yaƙi a 1946 yana da shekara ashirin da biyu, dogo, mai faɗin goshi, ba ya tsoron karo da kowa. Kulob ɗin garinmu, da ke fama a rukuni na uku tun fil azal, ya miƙa masa takarda, ya sa hannu ko karantawa bai yi ba. Wa ke karantawa? Ubanka ya tsufa a masaƙa, kai kuma an ce zo ka buga ƙwallo a biya ka. Abin da takardar ta ƙunsa shi ne sunansa ya zama na kulob. Duk shekara su za su ce sun riƙe shi ko sun sallame shi, kuma muddin suna riƙe da shi babu kulob ɗin da zai buga wa a faɗin ƙasar sai su.

Shekara tara yana tsaron baya. Haƙora huɗu ya zubar a filayen mutane, hancinsa ya karye sau biyu. Ƙwallon fata in ta sha ruwa nauyinta kamar bulo, shi ke tare ta da ka. Ya auri Enid, aka ba su gidan kulob a Layin Gas, suka haifi 'yan mata biyu. Su kuwa manyan kulob suna can sama cikin rumfa da barguna a cinya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wata Asabar a Fabrairun 1955, fili duk taɓo, minti ashirin da farawa, gwiwarsa ta hagu ta murɗe. A zamanin ba a canjin ɗan wasa. Cyril mai kula da 'yan wasa ya rugo da bokitin ruwan sanyi da soso.

"Tashi, Clem, ba mutuwa ka yi ba."

"Cyril, ta tafi fa. Na ji ƙararta."

"Ta tafi ina? Ga ta nan a jikinka. Koma gefe ka riƙa ɗingishi, ko tsayuwar ma aiki ce."

Minti saba'in ya yi yana jan ƙafa a gefen fili, mu kuma 'yan kallo sakarkaru muna tafa masa. Ya yi jinyar wata biyu, ya dawo ya buga wasa huɗu na ƙarshe da gwiwa a naɗe. Ya san shekara biyu ko uku ne suka rage masa a ƙwallo, kuma yana son su.

A watan Mayu ake liƙa takardar sunaye a ƙofar ɗakin sa kaya: waɗanda aka riƙe a sama, waɗanda aka sallama a ƙasa. Kowa addu'arsa ya ga sunansa a sama. Clem ya ga nasa, ya tafi gida da murna har da sayo wa Enid fure. Kwana uku sai ga sabuwar yarjejeniya, an zabtare kusan rabin albashinsa. A makon ne kuma kulob ɗin Marsby na bakin teku ya aiko yana son sa kyaftin, da gida, da alkawarin aikin koci in ya ajiye takalmi. Da a ƙasa sunansa ya fito, da ya tafi abinsa.

Shugaban kulob shi ne Mista Holroyd, mai shagunan nama shida, wanda bai taɓa shurin ƙwallo ba a rayuwarsa. Ɗakin manya yana sama, kuma ɗan wasa ba ya hawa matakalar nan sai an kira shi. Clem ya hau. Ya tura ƙofa ya same su suna shan shayi da baƙi, bai kuma cire hula ba.

"Yallaɓai, na zo neman takardata."

"Wa ya kira ka nan, Sugden? Hular fa?"

"Hular tawa ce, ranka ya daɗe, ita kam ban sa hannu a kanta ba. Shekara tara na ba ku. Ku sake ni in je inda ake so na."

"Mu ma ai muna son ka. Ba ka ga sunanka a sama ba?"

Baƙin suka yi dariya. Clem ya ji kansa ya ɗau zafi.

"So ne a yanke wa mutum rabin abincinsa? Ko naman shagonka ba ka yi wa irin wannan yanka."

Dariya ta ɗauke. Holroyd ya ajiye kofi a hankali.

"Ka sa hannu ka buga mana, ko ka ƙi ka zauna. Amma ka ji da kyau, yaro, ba za ka ƙara taɓa ƙwallo a ko'ina ba sai na ce."

A gida Enid ta yi ta lallashi. "Haba Clem, ka koma ka ba shi haƙuri. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne."

"Na durƙusa shekara tara, ya isa."

Bai sa hannu ba. Albashi ya tsaya, aka ba su mako huɗu su bar Layin Gas, suka tare a ɗaki ɗaya a gidan uwar Enid. Ya shiga masaƙa, inda ya rantse ba zai taɓa shiga ba. Duk safiya kafin aiki yana gudu a kan tudu don kada jiki ya mutu. Ya rubuta wa hukumar ƙwallo sau uku, amsa ɗaya ce: magana ce tsakaninka da kulob ɗinka. Marsby suka jira wata huɗu suka ɗauki wani.

Kowane Mayu kuma sai sunansa ya fito a sama. Mutumin da ba sa biya, ba sa sa wa riga, amma an riƙe! Tir da wannan mugunta. Sauran 'yan wasan suka ga abin da ya faru, duk abin da aka miƙa musu sai su sa hannu shiru, abin da Holroyd ke so ke nan. Mu ma 'yan kallo ba mu fita daga laifi ba. Muna zaginsa a mashaya, Asabar ta yi mu kai masa sulallanmu a ƙofa. Babu wanda ya ƙaurace wa wasa ko ɗaya saboda Clem.

A shekara ta uku ya daina gudun. Gwiwar da ba ta samu likita ba ta kumbura ta sandare.

Holroyd ya mutu a 1961. Sabon sakatare yana kwashe tarkacen durowa ya ci karo da takardar, ya aiko da wasiƙa. Da safe ta iso, Clem na zaune a bakin gado yana shirin fita aiki, shekararsa talatin da bakwai. Enid ta karanta masa a tsaye: kulob na farin cikin sanar da shi cewa an sallame shi, yana da 'yancin buga wa duk wanda ya ga dama, ana kuma yi masa fatan alheri a wasanninsa na gaba.

Clem ya daɗe yana kallon ƙafarsa da ke miƙe a sandare a gabansa.

"Ajiye ta, Enid," ya ce. "Zo ki ɗaure min igiyar takalmin nan, zan makara."