Yashin da Zumuntar Mata Suka Ɗauka Sau Biyu

Ko me zan manta a aikina, ba zan manta Lahadin da na shiga ramin gini da kayan sujada a jikina ba, uwata tana tsaye a bakin ramin tana kallona kamar ba ita ta haife ni ba.

Ina aiki ne a sashen tsara filaye a Kafanchan. A shekarar an tura mu kwas kan ambaliya, aka koya mana yadda ake gane ƙasar da rafi yake malalowa a kai, da irin abin da bai kamata a gina a wurin ba. Malaminmu ya sha nanata mana cewa rafi yana da wurin kwanansa na rani, yana da na damina, kuma ƙasa ba ta ɓoye inda ya taɓa kaiwa. Da aka gama kwas ɗin sai na tafi ƙauyenmu wajen Madakiya in gaida Mama.

Ina sauka daga mashin, ko ruwa ban sha ba, ta ja hannuna. Ita ce shugabar zumuntar mata a ikilisiyarmu, kuma sun daɗe suna son a gina wa ƙananan yara azuzuwa. Ta kai ni gangare, bayan majami'a. Ga ramin tushe an haƙa, ga yashi tsibi-tsibi da mata suka kwaso da kwanon sarki a ka.

Ta ce, "Kin ga hikima? Yashi kusa, ruwan kwaɓa siminti kusa. Ba wadda wuyanta zai karye. Asabar mai zuwa za a zuba kankare."

Abin da ya sa suka zaɓi wurin shi ne ainihin abin da aka koya mini in ji tsoro. Na ce, "Mama, wurin nan hanyar ruwa ce." Ta yi dariya ta ce rafin yana can ƙasa, ko ƙararsa ba a ji. Da ta ga ba wasa nake yi ba sai fuskarta ta canja. "Fasto ya riga ya yi addu'a a kan tushen nan. Kada ki ja mini abin kunya."

A wajenmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wurin da aka keɓe da addu'a, idan ka ce a tashi daga kai, kamar ka ce addu'ar ba ta karɓu ba. Ga shi kuma maganar ƙasa ta maza ce, ni kuwa 'yar da suka gani tana yawo ba takalmi. Amma duk lokacin da na rufe ido, yara nake gani a zaune a aji, ana tsuga ruwa a kan tudu, su ba su sani ba.

Washegari bayan sujada na roƙi Fasto da dattawan ikilisiya su biyo ni. Mata ma suka biyo, ba don an kira su ba. Na tattare zane na dira cikin ramin. Na nuna musu jikin ramin: yashi, laka, yashi, laka, hawa-hawa. Na ce kowane hawa zuwan ruwa ne.

Wani dattijo, ƙanin marigayi babana, ya ce, "Wannan ai na zamanin kakanni ne, 'yata. Kin je kwas kin dawo za ki koya mana ƙasarmu?"

Na sa yatsu ina tonon jikin ramin don kawai in sami abin yi da hannuna, sai na ji wani abu kamar roba, can ƙasa, daidai gwiwata. Na ja. Silifas ne na yaro, wari ɗaya, laka ta cinye launinsa. Na ɗaga na ce, "Baba, kakanni ba su sa wannan ba."

Can Mama ta ce, "Wace shekara ruwan zai zo?"

Na so in yi mata ƙarya, in faɗi abin da zai tsorata su. Na ce, "Ban sani ba, Mama. Yana iya yin shekaru bai zo ba. Amma zai zo."

Ta juya ta tafi. Fasto ya ce za a yi addu'a a kai, kowa ya watse.

Kai, wannan mako! A ofis in zauna in kasa karanta layi ɗaya. Na kira Mama, ba ta ɗauka ba. Na kira ƙanwata, ta ce mata suna ta taro amma ba a bari kowa ya ji. Ina da hanyar da zan sa a tsayar da ginin daga ofis, na kuma san in na yi haka, na rufe wa kaina ƙofar gida.

Asabar da safe na hau mashin na nufi ƙauye. Tun daga nesa na ji waƙar zumunta da ganga. Na ce shi ke nan, an fara zuba kankare. Da na ƙaraso sai na ga layin mata, kowacce da kwanon yashi a ka, sun ba rafi baya, suna hawa tudu wajen tsohon filin ƙwallo. Fasto yana can sama a sabon wurin ginin, da Littafi Mai Tsarki a hannu.

Mama ta sauke kwanonta a gabana, gumi ya jiƙa mata riga. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, "Ke kika ce a tashi. To, durƙusa in ɗora miki."

Na ɗauki yashi har wuyana ya ƙi juyawa, ina hawa tudu ina hawaye, mata suna yi mini tsiya wai ma'aikaciya ta manta yadda ake naɗa gammo. Tun ranar, ban ƙara shiga wani gari na ce wa mutane su tashi daga wuri na kama hanyata ba. Na gane cewa faɗin maganar ba ya da nauyi a kaina, su ne za su ɗauke ta a ka su hau tudu da ita, don haka sai na tsaya an ɗora mini nawa.