Motar da za a murƙushe lafiyarta ƙalau

Muna dawowa daga Xintang, garin masu ɗinkin jins, bayan mota cike da dilolin wandon jins, sai Lao Chen, direban da ya saba kai ni sari, ya shafa sitiyari ya ce yau ce tafiyarmu ta ƙarshe a motar nan.

Na ce, "Sayarwa za ka yi? Ni ina so, sai in tura ta Kano."

Ya girgiza kai. "Laoban," wato maigida a yarensu, "ba ta sayarwa ba ce. Gobe zan kai ta a murƙushe. Gwamnati na ba da tallafi mai tsoka ga wanda ya rusa tsohuwa ya sayi sabuwa."

"To me ya same ta?"

"Ba komai. Tsufa kawai."

Tsufa! Jama'a, wallahi raina ya ɓaci. Motar da sanyin cikinta sai na roƙe shi ya rage. Ko tari ban taɓa jin injinta ya yi ba.

Ƙanena Sabi'u tasi yake ja a Kano. Tasa ta girmi wannan nesa ba kusa ba. Da igiya yake ɗaure ƙofar baya, kullum da safe sai maƙwabta sun tura, kuma da ita yake ciyar da iyalinsa.

Na so in balbale Lao Chen da faɗa, amma shi me ya yi? Har muka isa Tianxiu, inda zan sauke kayana, abin yana ta cin raina.

Gobe za a mayar da abin da Sabi'u yake roƙon Allah a sujada ƙarfen bola. Ku gaya min, wannan ci gaba ne ko almubazzaranci?